Clem Pilling da Yashinsa

Yanzu gidaje ne a wurin, masu jan bulo da 'yan ƙananan lambuna. Mutanen da ke ciki ba su san cewa a daidai inda suke shanya wanki aka fasa wa Clem Pilling kai ba. Ni na sani, don ina tsaye a wurin da butar shayi a hannu.

Sunana Beryl. Tun ina budurwa nake sayar da shayi da soyayyen dankali a Filin Tanyard, a wata 'yar rumfa da ke kallon kwanar farko, har gashina ya yi fari. Kwanar farko nan ce mahallaka. A nan karnuka ke cin karo, a nan 'yan babur ke zubewa. Ban taɓa yin caca ba, ban taɓa hawa babur ba, amma duk abin da ya faru a filin nan ta gaban tagata ya wuce.

Fili ɗaya ne, amma mutanensa gida biyu ne. Da'irar waje ta yashi ce, ta tseren karnuka. Ta ciki ta jan burji ce, ta tseren babura, da shingen katako a tsakani. Mutanen kare suna zuwa Talata da Asabar, da fensir a bayan kunne da fuska kamar an yi musu mutuwa. Mutanen babur suna zuwa Juma'a da mata da yara da ƙaho, su koma gida da jar ƙura a haƙora. Baburan nan ba su da birki, hagu kawai suke juyawa, kuma ba fetur suke sha ba, wani mai ne fari kamar ruwa da ake kira metanol, wanda idan ya kama wuta da rana ba a ganin harshensa. Mutanen kare suna cewa mahaukaci ne kaɗai zai hau irin wannan abu, kuma ban ga laifinsu ba.

Gidajen biyu ba sa ga maciji da juna, kuma tsakuwa ce ta haɗa su. Idan babur ya kwanta a kwana, tayar baya tana watso burji ta saman shinge. Shi ya sa kafin kowane tseren babur sai an shimfiɗa tamfol a kan yashin karnuka, bayan an tashi a yaye shi. Duk da haka sai wasu tsakuwoyin sun sulale. Yatsun karen tsere kuwa ba su fi fensir kauri ba, tsakuwa ɗaya ta isa ta gama da shi. Dole wani ya durƙusa ya bi yashin nan da hannu yana tsincewa. Wannan wani shi ne Clem.

Daga masana'antar narka ƙarfe ya zo mana, bayan an rufe ta. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, hannayensa kamar bakin shebur. Matarsa Edna ta rasu ta bar masa jaririya, Norma, kuma a ƙarƙashin teburin rumfata yarinyar ta yi rarrafe. Clem ba ya kallon mutum a fuska. Ko gaisawa kake yi da shi, ƙasan takalminka yake dubawa ko ka kwaso masa wani abu. Ana tsere, dubban mutane suna ihu suna kallon karnuka ko babura, shi kuwa idonsa na kan yashi.

Ba zan yi masa kwalliya ba don tausayi. Clem mugun mai zuciya ne, kuma hannunsa ya riga bakinsa magana. Na ga ya karya wa wani mashayi hanci don ya jefa guntun sigari a kan yashi. Na ga ya ɗaga wani mai tura babur ya cusa kansa a bokitin ruwan karnuka har ƙafafunsa suka daina harbi, sai da maza suka taru suka ɓamɓare shi. 'Yan sanda sun san ƙofarsa. Masu filin ba su kore shi ba don dalili ɗaya: ba wanda zai yarda ya yi rarrafe cikin ruwan sama yana tsintar tsakuwa in ba shi ba. Ina jin tsoronsa, ina kuma sonsa, kuma ban taɓa ganin waɗannan biyun sun hana juna zama ba.

Akwai wata karya mai suna Tilly, mai ruwan toka. Ba tasa ba ce, amma kullum yana ajiye mata ɓawon burodinsa. Wata Asabar ta taka tsakuwa a kwanar farko, yatsa ya karye, ta wuntsila, sauran suka bi ta kanta. Ƙafarta ta gaba tana reto. Clem ne ya ɗauke ta a ƙirji ya kai ta bayan ɗakin karnuka inda likitan dabbobi yake ajiye allurarsa. Allurar ta kashe karen da ya karye ce, kuma shi kaɗai ya fito. Ya koma kwanar, ya durƙusa, ya tona har ya samo tsakuwar, ya sa a aljihu.

Ranar Juma'a ya shiga rumfar da 'yan babur ke ɗaure injinansu. A lokacin akwai wani sabon saurayi, Des Rudge, dogo mai yawan dariya, wanda ya fi kowa son bin jikin shinge don ya watsa wa 'yan mata burji su yi ta ƙara. Clem ya tsaya a gabansa.

“Kai ne mai wasa a bakin katako?”

“Ni ne, tsoho. Sa hannu kake so in yi maka?”

Clem ya damƙi wuyansa, ya tura masa tsakuwar a baki, ya rufe bakin da naushi. Haƙoran gaba suka zube a kan siminti. Des ya tofar da jini da tsakuwa tare, kuma tun daga ranar dariyarsa ta koma ta haƙoran roba.

To, wa kuke jin Norma ta kawo gida bayan wasu shekaru ta ce shi za ta aura? Na yi dariya har na ƙona dankali. Ba ta nemi izinin kowa ba, ba ta kuma saurari kowa ba, don zuciyar ubanta ce a ƙirjinta. Clem ya je ɗaurin auren da kwat ɗin aro, ya ci abinci, ya kalli ƙasan cocin tun daga farko har ƙarshe.

Aka ɗan zauna lafiya, sai Des ya kasa riƙe bakinsa. A mashayar filin, a gaban jama'a, ya cire haƙoran robarsa ya jefa cikin kofin giyar Clem, ya ce, “Ga sauran, surukina, ka haɗa da na farko.” Kowa ya fashe da dariya. Clem ya ɗauki kujera ya sauke masa a kafaɗa, ya bi shi ƙasa da ƙafa. Ƙashin kafaɗa ya karye, da haƙarƙari. Des ya rasa tseren shekarar gaba ɗaya, a lokacin kuwa Norma tana da tsohon ciki.

A rumfata Norma ta sami Clem washegari, yana shan shayi kamar ba abin da ya faru. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

“Baba, ka ɗago ka kalle ni.”

Ya ɗago. Ina jin ranar ce na fara ganin launin idonsa.

“Kujerarka tana nan a teburina duk Lahadi. Za ka zo ka ci nama da dankali, ka ɗauki jikanka. Amma ka ƙara ɗora wa Des hannu, ko da wasa, ko da yatsa ɗaya, to ba ka da 'ya. Zan fitar da kujerar waje in ƙona ta, kuma ko gawarka ba zan zo gani ba. Ka ji ni?”

“Shi ya fara, Norma.”

“Ban tambaye ka wa ya fara ba. Ka ji ni?”

“Na ji.”

Daga ranar Clem ya zama mutumin da hannayensa ke cikin aljihu. Mutane sun ɗauka tsufa ne ya kwantar da shi, amma ni da ke miƙa masa kofi ina ganin yadda aljihun ke motsi idan Des ya wuce. Ba shi da kowa sai Norma da 'yarta, ba shi da wurin zuwa sai teburin nan. Tun ranar Alhamis yake fara ba ni labarin abin da za a dafa ranar Lahadi. Des kuwa bai daina tsokana ba, sai dai ya koyi yin ta daga nesa. Shekaru suka shuɗe a haka, Clem bai ko yi musabaha da shi ba, don ya ce yatsa ɗaya aka ce, shi kuma ba ya son gardama a kan lissafi.

Sai masu filin suka sayar da shi ga masu gina gidaje. Mun sa hannu a takardun koke, mun yi zanga-zanga a gaban majalisar gari, duk a banza. Aka sa ranar ƙarshe wata Litinin ta hutu, da rana tsaka, kuma a karon farko aka haɗa gidajen biyu rana ɗaya: babura su fara, a yaye tamfol, karnuka su rufe. Wanda ya kawo wannan shawarar bai san mutanenmu ba.

Da safe na ga Clem yana jiƙa yashi da tiyo kafin a rufe shi, kamar gobe ma akwai tsere. Des ya biyo yana jan ƙafa, da hular kwano a hannu. Ya riga ya tsufa da hawa, amma ya ce ba za a rufe Tanyard ba shi a kan babur ba.

“Surukina, yau ma wanka kake yi wa yashin? Gobe katafila ce za ta kwashe shi.”

“Gobe ta katafila ce. Yau nawa ne. Ka bi shinge ka gani.”

“Ka yi mini me? Hannayen naka ai suna gidan yari.”

“Ku rufa mini asiri ku biyun,” na ce. “Des, karɓi shayinka ka wuce, kafin in zuba maka shi a wando.”

Rana ta buɗe tarwai, irin wadda ba mu cika samu ba. Filin ya cika ya batse, kuma tun kafin a tayar da injin farko giya ta fara aiki. Mutane suna ɓalle kujeru da allunan suna don su kai gida. An yi dambe a bakin ƙofa, an yi a layin ban ɗaki, wata mata ta fasa wa wata kwalba a goshi a kan wurin tsayuwa. Kowa ransa a ɓace yake, kowa yana neman wanda zai huce a kansa, masu gina gidajen kuwa ba su yi wautar zuwa ba.

A tseren ƙarshe na babura Des ya fito. Aka ɗaga igiyar fara tsere, su huɗu suka yo kan kwanar farko, shi a waje, a jikin shinge, inda ya saba. Wanda ke kusa da shi ta ciki ya zame ya bugi tayarsa ta gaba. Babur da mutum suka daki katako, katakon ya tsage, suka faɗo ta wannan gefen a kan tamfol, 'yan taku kaɗan daga tagata. Tankin mai ya fashe a jikinsa.

Filin ya yi tsit, sai Des ya miƙe tsaye. Aka ɓarke da tafi. Ya fara tsalle yana kaɗa hannaye, yana dukan ƙirjinsa da cinyoyinsa, yana juyi. Mutane suka ƙara ihu, don sun ɗauka fushi yake yi da wanda ya kayar da shi, ko wasansa na kullum yake yi wa jama'a. Hular kwano ta rufe bakinsa, sauran baburan suna ruri. Ni kaina murmushi nake yi.

Mutum ɗaya ne a filin nan ba Des yake kallo ba. Clem yashinsa yake kallo, kuma ya ga tamfol ɗin da ke ƙarƙashin ƙafafun Des yana tattarewa yana narkewa, rami yana buɗewa shi kaɗai.

Ban taɓa ganin tsoho ya yi irin wannan gudu ba. Ya zaro hannayensa daga aljihu, ya daki Des da kafaɗa ya kai shi ƙasa, ya haye kansa. Ya shiga dukansa da tafin hannu, a ƙirji, a wuya, a ciki, duka ba ƙaƙƙautawa. Ya fizge tamfol, ya dinga kwasar jiƙaƙƙen yashi yana danna masa a jiki, yana turmuza shi.

Duk wanda ke filin nan ya san wutar metanol ba a ganinta da rana. Yaran da ke busa ƙaho ma sun sani. Amma sun fi sanin Clem Pilling. Abin da suka gani shi ne uban karnuka ya samu ɗan babur a kan yashinsa, a ranar da ba sauran korar da za a yi masa.

“Zai kashe shi!”

“Ku kama tsohon banzan nan!”

Mutanen babur suka yo tsalle ta kan shinge kamar an buɗe wa shanu ƙofa. Suka rufe shi da ƙafa, da guntayen kujerun da suka ɓalle, da kwalabe. Mutanen kare suka ga an taru wa nasu, su ma suka diro, dambe ya kaure tun daga kwana har gaban rumfar manya. Clem bai rama ko ɗaya ba, bai ko kare kansa ba. Ana dukansa yana dukan Des, ana jansa yana maƙale da shi.

Norma ta fito daga rumfar 'yan babur da gudu. A hanya ta fizgi manjagarar ƙarfe daga hannun wani mai share burji. Na ga fuskarta, kuma fuskar ubanta ce ranar Tilly. A daidai lokacin warin ya iso tagata, warin roba da fata da naman da ya ƙone, na gane. Na yar da buta na kurma ihu, “Norma, wuta ce! Wuta ce!” Muryata ba ta kai ko'ina ba.

Ta ɗaga manjagarar da hannu biyu ta sauke masa a ƙeya. Na ji ƙarar duk da hayaniyar. Clem ya kife a kan Des, bai ƙara motsi ba.

Ita ce ta janye shi, tana zaginsa tana kuka. Da ta kama hannunsa don ta jefar, fatar tafin ta saluɓe ta biyo yatsunta. Sai ta dubi mijinta. Rigar fatarsa ta ƙone ta manne da ƙirjinsa, yashin da ke kansa yana tururi. Des ya samu ya ture hular kwanon, leɓunansa duk sun kumbura, ya ce, “Wuta... Baba ya kashe wutar.” Shi ne karo na farko da na ji ya kira shi Baba.

Waɗanda ke kusa suka ja da baya ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ɓoye abin da ke hannunsa. Can nesa kuwa ba su sani ba, suka ci gaba da fasa wa juna baki har 'yan sanda suka shigo da kulake. Ba a yaye tamfol ba ranar. Karnukan suna ɗakinsu suna haushi, ba su yi tseren ƙarshe ba, kuma haka Tanyard ya rufe.

Des ya rayu, da tabo tun daga wuya har cibiya. Likitoci sun ce da an ƙara ɗan jinkiri da wutar ta shiga huhunsa. 'Yan sanda sun yi ta tambayar wa ya riƙe manjagara, kuma a cikin dubban mutanen nan ba a samu wanda ya gani ba. Ni ma na ce tururin shayi ya rufe mini ido. Norma ta je da ƙafarta ta faɗa musu, amma da yake babu shaida kuma wanda aka daka bai kai ƙara ba, maganar ta mutu a nan.

Clem ya daɗe bai farfaɗo ba. Da ya tashi, ido ɗaya ya tafi, maganarsa ta yi nauyi, yatsunsa sun ƙanƙance sun lanƙwashe, ba ya iya dunƙule hannu balle ya riƙe cokali. Kuma dukan ya share masa ranar gaba ɗaya. Ya tuna Tilly, ya tuna Edna, ya tuna abin da Norma ta faɗa masa a rumfata kalma bayan kalma. Litinin ɗin nan ce kawai babu ita. An ba shi labari ya fi a ƙirga, yana saurara, ya gyaɗa kai, kafin a jima labarin ya zube masa.

A gidan Norma yake yanzu, a ɗakin ƙasa. Ita ke yi masa aski, tana bi da reza a hankali ta gefen ramin da ke ƙeyarsa. Nakan je cin abincin Lahadi, don ni ma ba ni da wurin zuwa tun da aka rushe rumfata. Kujerarsa tana inda take. Des ne ke zama kusa da shi yana yanka masa nama ƙanana-ƙanana, kuma ya daina tsokana, abin da ni dai ban ji daɗinsa ba.

Lahadin da ta wuce muna cikin ci sai Clem ya tsaya. Ya ɗago hannayensa yana juya su, yana kallon tabon. Ya dubi wuyan Des inda rigar ta buɗe. Na ga tsoro ya shiga idonsa guda, ya yi maza ya tura hannayen ƙarƙashin tebur.

“Norma,” ya ce, “wa na daka?”

Ta ajiye cokali. Kusan kowane mako sai ta amsa wannan tambayar, kuma har yau ba ta iya amsa ta tana kallonsa ba.

“Ba ka daki kowa ba, Baba. Ci abincinka.”

Ya kalli ƙasa. Ya san kansa, don haka bai yarda ba.

“Kar ki fitar da kujerar,” ya ce. “Ba zan ƙara ba.”